Gidan Ɗan Hausa: kafin Bature ya zo, gandu ne a wurin

1/ Ranar Asabar ni da abokaina biyu muka je Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano. Maganar gaskiya ɗaukar hoto ne ya kai mu, ba tarihi ba. Sai wata kalma ɗaya da na ji a wurin ta biyo ni har ɗaki, ta mayar da ni gida Gwiwa. Ku ɗan ba ni minti biyar.

2/ Ga wanda bai san wurin ba: gidan ƙasa ne mai kaurin bango, da soro da zanko. Kana shiga za ka ji sanyi kamar an kunna na'ura, alhali a waje rana na dukan ƙeya. Yanzu gidan tarihi ne a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

3/ Ɗan Hausa laƙabin Hanns Vischer ne, Bature haifaffen Suwizalan da ya yi wa Ingila aiki. A 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Borno. A 1909 ya buɗe makarantar boko a nan Nassarawa, kuma yana cikin waɗanda suka tsara ƙa'idar rubuta Hausa da boko. Wato wannan rubutun da nake yi muku, da hannunsa a ciki.

4/ To duk wannan na taɓa ji a aji. Abin da ban taɓa ji ba shi ne wanda mai zagayawa da mu ya faɗa: wai kafin Vischer, gidan na mai kula da gonakin sarki ne. Nassarawa ɗin nan ta ofisoshi da kwalta, da can gandun sarki ce, a bayan ganuwa.

5/ Gandu. Nan na tsaya. Domin a Gwiwa haka muke kiran gonarmu ta gida, inda Baba da ƙannensa da 'ya'yansu suke noma tare, amfanin ya shiga rumbu ɗaya. Ɗan filin da ake yanka wa saurayi ya noma abin kansa kuma gayauna ce. Yayana har yau yana da tasa, riɗi yake sawa.

6/ Amma gandun sarki a ƙarni na 19 ba 'ya'yan gida ke noma shi ba. Bayi ne. Kalmomin kuwa su ne dai: a wurare da yawa bawa zai yi aikin gandu daga hantsi zuwa azahar, sauran yinin ya tafi gayaunarsa. Wani yakan yi yarjejeniya da ubangijinsa ya fita neman na kansa, yana biyan wani abu a kai a kai, shi ne murgu. In ya tara abin da ya isa, ya fanshi kansa.

7/ Wani abin da ya ɗaure min kai, masu kula da waɗannan gandaye su ma galibi bayi ne, amma bayin sarki masu iko, irin su Shamaki da Ɗan Rimi. Bawa mai doki da gida da mabiya, yana ba wani bawa umarni a kan kunya. Hatsin da ake nomawa shi ke ciyar da fada da dawakai da mayaƙa.

8/ Da na koma makaranta na shiga bincike, sai na ci karo da Fanisau, arewa da birni, wajen Ungogo. Can ma gandun sarki ne, kuma ribaɗi ne, wato garin tsaro. Akwai littafi guda a kansa na Mohammed Bashir Salau, ya fito a 2011. Yanzu ku ce min, tsaro daga wa?

9/ Daga mu. Eh, mutanen ƙasar Kazaure.

10/ Lokacin da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819, Ɗan Tunku, wanda ke da ƙarfi a arewacin Kano wajen Dambatta, ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka shekara kusan biyar ana gwabzawa. Da Baturen nan Clapperton ya iso Kano a Janairun 1824, bai sami sarki a birni ba. A Fanisau ya je ya gaishe shi, a sansanin yaƙi da Ɗan Tunku.

11/ Daga baya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Dambo ɗan Ɗan Tunku ya gaji mahaifinsa. Ita ce masarautar da Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi ke ƙarƙashinta yau. Mu a gida wannan labarin na jarumta ne, kuma ba ƙarya ba ne. Ni ma da alfahari nake ba da shi.

12/ Sai dai ban taɓa tambayar kaina ba: wa ya noma dawar da mayaƙan ɓangarorin biyu suka ci? Kuma ƙauyen da aka ci da yaƙi, mutanensa ina suka ƙare? A wancan zamanin kamammun yaƙi su ne ke cika gandaye. Ba zan ce wane ya kama wane ba, amma hanyar da ke kai mutum gandu ke nan.

13/ Kada wani ya ce Turawa sun zo sun gyara komai. Sun ci Kano a 1903, sun hana cinikin bayi, sun ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Amma bautar kanta sai 1936 aka soke ta a doka. Ke nan lokacin da Vischer ke koya wa 'ya'yan sarakuna abacada a Nassarawa, akwai bayi a gonakin Kano. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911 aka shiga harkar gyaɗa, har da guminsu a buhunan farko.

14/ 1936 fa, jama'a. Kakan babana yana raye, ya ma yi aure.

15/ Na san dalilin da ya sa ba a son wannan zancen. Har yau akwai gidajen da ake fasa aure a kan "asali", kuma akwai masu neman irin wannan bayani don su yi gori. Wallahi ba don su na rubuta ba. Wanda aka kama kakansa aka sa shi noma ba shi ne ya yi abin kunya ba.

16/ Mun san sunan Vischer, mun san na matarsa Isabelle, har littafi ta rubuta kan zamanta a Arewa. Waɗanda suka yi sharar gonar da gidan ke kai kuwa, tun farko ba wanda ya rubuta sunayensu. Abin da ya rage yana bakin tsofaffi, su kuma kullum raguwa suke.

17/ In kun je gidan, ku yi hotonku, ya cancanta. Amma ku tambayi mai zagayawa da ku labarin gandun, ku ga yadda hirar za ta canja.

18/ Ni dai hutun nan in na je Gwiwa zan zauna da Hajiya Kaka da wayata a kunne. Ta taɓa ce min akwai wata gona a yammacin gari da ake kira Rinji, na wuce ta ya fi sau ɗari a kan keke. Sai a makon nan na san rinji ƙauyen bayi ne.