Tarihin Koyar da Ilmin Tsara Shimfiɗar Ƙasa a Jami'o'i

Duk wata hanyar mota da aka shimfiɗa, ko madatsar ruwa da aka gina, ko sabon gari da aka kafa, a wani wuri aka sa shi, kuma waɗansu mutane ne suka zaɓi wurin. In zaɓin ya dace, jama'a su yi ta cin moriya ba tare da sun tuna da wanda ya yi shi ba. In kuwa aka yi kuskure, to, jikokin waɗanda suka yi shi su ne za su yi ta fama da ambaliya, da zaizayar ƙasa, da asarar gonaki. Ilmin da ke koya wa mutum yadda zai yi wannan zaɓi bai shiga jami'a ba sai a 1900, kuma a yau ya rabu gida uku: tsara shimfiɗar ƙasa, da auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli, da nazarin wurare ta hanyar taswira da lissafi. Tarihin ukun nan a harɗe yake, don kuwa yawancinsa a cikin 'yan azuzuwa kaɗan ya faru, a Amurka da Birtaniya.

Mafarin al'amarin

Tushen sana'ar a Amurka yana komawa ga Frederick Law Olmsted, wanda shi da abokin aikinsa Calvert Vaux suka ci gasar tsara babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birnin Niyok a 1858. A ofishin Olmsted aka horar da wani saurayi mai suna Charles Eliot, ɗan shugaban Jami'ar Harvard na lokacin. Eliot shi ne ya dage a kan cewa kafin a keɓe filaye da dazuzzuka na kewayen Boston, wajibi ne a zaga a rubuta irin itatuwa da tsirran da ke cikinsu, a zana su a taswira. Ya rasu da ƙuruciyarsa a 1897. Bayan shekara uku, watau a 1900, Harvard ta buɗe karatun tsara shimfiɗar ƙasa don tunawa da shi, aka ɗora ɗan Olmsted a kan koyarwar. Wannan shi ne karo na farko da wata jami'a ta ba da digiri a fannin.

Amma fa karatun na farko ya fi karkata ga ƙawa. Ana koya wa ɗalibai zane, da sanin itatuwa da furanni, da tarihin lambunan Italiya da Faransa, kuma da yawansu in sun gama sai su tafi tsara harabar gidajen attajirai. Duk da haka an sami masu duban nesa. Wani tsohon ma'aikacin Olmsted, Warren Manning, ya tsara garin Billerica a 1912 da taswirori dabam dabam, ta ƙasa, da ta tsirrai, da ta tudu da gangare, dukansu a ma'auni ɗaya don a iya gwada su da juna.

A can Birtaniya kuwa, Jami'ar Libaful ta kafa sashen tsara birane a 1909, da kuɗin da William Lever mai kamfanin sabulu ya bayar. Sai dai wanda ya fi kowa tasiri a tunanin masu tsarawa na ƙasar shi ne Patrick Geddes, mutumin Sikotlan, masanin tsirrai, wanda ya rayu daga 1854 zuwa 1932. Koyarwarsa ita ce a yi bincike kafin a yi tsari, kuma kada a duba birni shi kaɗai, a duba shi tare da kwarin da ke ciyar da shi, tun daga kan duwatsu inda ruwa ke tasowa har zuwa bakin teku. Wata almajirar tafarkinsa, Jaqueline Tyrwhitt, ta bayyana dabarar ɗora taswira bisa taswira a cikin wani littafin koyarwa da ya fito a 1950. Wannan tafarki ya iso Nijeriya ta hannun Max Lock, wanda ya yi wa Kaduna bincike da tsari, aka buga rahotonsa a 1967.

Ian McHarg da makarantar Fensilbaniya

Wanda ya haɗa waɗannan zarurruka ya mai da su igiya guda shi ne Ian McHarg. An haife shi a 1920 a Clydebank, kusa da Gilasgo, garin ƙera jiragen ruwa mai yawan hayaƙi. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a cikin sojan laima, ya kai muƙamin manjo, sa'an nan ya shiga Harvard a 1946 ya karanci tsara shimfiɗar ƙasa da tsara birane. Da ya koma gida sai tarin fuka ya kama shi. Ya yi jiyya a wani asibiti kusa da Edinbara ba tare da samun sauƙi ba, daga baya aka kai shi tsaunukan Suwizalan, inda ya murmure. Shi da kansa ya riƙa danganta ra'ayinsa game da lafiyar mutum da lafiyar wurin zamansa ga wannan jiyya.

A 1954 shugaban tsangayar zane-zane ta Jami'ar Fensilbaniya, Holmes Perkins, ya kira shi Filadalfiya ya kafa sashen tsara shimfiɗar ƙasa. Abu biyu ya yi waɗanda suka sāke fuskar karatun. Na fari, a ƙarshen shekarun 1950 ya buɗe wani darasi a kan mutum da muhallinsa, yana gayyato masana halitta, da masana taurari, da malaman addinai, da masana al'adu irin su Margaret Mead, kowa ya zo ya faɗi matsayin ɗan Adam a cikin duniya bisa ga fanninsa. Na biyu, ya ɗauki masana duwatsu, da na ruwa, da na ƙasar noma, da na tsirrai, ya mai da su malaman sashen, har ya zama ɗalibin zane ba zai ja layi ko ɗaya ba sai ya fita daji tare da su.

Tsarin koyarwarsa shi ne a jera sanin wuri hawa hawa bisa ga tsufa. A fara da dutsen da ke ƙarƙashi, don shi ya fi daɗewa. Sa'an nan yanayin sama. Sa'an nan tudu da kwari, da ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa, da irin turɓaya. Sa'an nan tsirrai, da namun daji. Daga ƙarshe ayyukan mutane. Hikimar jerin ita ce kowane hawa yana bayyana dalilin wanda ke bisansa. Wanda ya san dutsen zai gane dalilin da ya sa rafi ya bi nan bai bi can ba, wanda ya san rafin kuwa zai gane inda fadama take, da abin da ya sa gina gida a cikinta ganganci ne.

A watan Maris na 1962 wata guguwar teku ta afka wa gabashin Amurka, ta kashe mutum wajen 40, ta rushe dubban gidaje. McHarg ya mai da ɓarnar da aka yi a gaɓar Niyu Jasi darasi. Ya nuna cewa jigawar rairayi ta bakin teku ita ce katangar ƙasa, ciyawar da ke kanta ce ke riƙe da ita, kuma mutanen Holan sun daɗe da hana a tattake ta ko a yi gini a kanta. A Niyu Jasi kuwa an baje jigawar an gina gidaje, teku ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe.

Aikin da ya fi shahara shi ne na wata babbar hanya da aka yi niyyar ratsawa da ita ta cikin dajin tsibirin Staten a Niyok. Injiniyoyi sukan zaɓi hanya ne bisa ga gajarta da arahar gini. McHarg ya zana taswira ga kowane abin da hanyar za ta taɓa, kamar gangare, da magudanar ruwa, da daji, da unguwannin zama, da wuraren tarihi, kowace a kan takarda mai shara-shara. Inda asara za ta yi yawa ya shafa baƙi, inda take kaɗan ya bar shi da haske. Da aka ɗora takardun bisa juna a kan fitila, sai wurin da ya fi haske ya nuna inda hanya za ta bi da ƙarancin ɓarna. Ɓangaren hanyar da zai keta dajin ba a gina shi ba. Wannan misali da waɗansunsa suna cikin littafinsa Design with Nature, watau tsari tare da halitta, wanda ya fito a 1969 da gabatarwar Lewis Mumford, shi ma almajirin Geddes.

Shigowar kwamfuta

Takardun shara-shara suna da iyaka, don in suka yi yawa sai kome ya koma baƙi. Maganin wannan a Harvard aka samo shi. A 1965 wani mai zanen gine-gine, Howard Fisher, ya kafa ɗakin binciken zane da kwamfuta da gudummawar Gidauniyar Ford. Manhajarsa mai suna SYMAP tana karɓar bayani daga katuna masu huji, ta buga taswira da haruffa irin na tafireta, tana maimaita bugu a wuri ɗaya in ana son ya yi duhu. A 1967 Carl Steinitz da ɗalibansa suka yi nazarin yankin Delmarva da ita: suka yanka ƙasar gida gida kamar dara, suka ba kowane gida lamba, suka bar injin ya yi tarawa. A Kanada kuma, tun farkon shekarun 1960 Roger Tomlinson yana gina wa gwamnati rumbun taswirorin ƙasa a cikin kwamfuta. Wani ɗalibin Harvard, Jack Dangermond, shi da matarsa Laura suka kafa kamfanin Esri a 1969, wanda manhajojinsa suka bazu a sassan labarin ƙasa na jami'o'in duniya. Da aka harba tauraron Landsat a 1972 kuwa, sai hoton kowace ƙasa daga sama ya zama abin da ɗalibi zai iya samu. An rufe ɗakin binciken na Harvard a 1991, bayan iri ya riga ya yaɗu.

Doka ta bi bayan aji

Littafin Rachel Carson na 1962 a kan illar magungunan ƙwari, da malalar man fetur a gaɓar Santa Barbara a 1969, sun ta da hankalin Amurkawa. Ran 1 ga Janairu 1970 Shugaba Nixon ya sa hannu a kan dokar manufar ƙasa game da muhalli. Wani shaihun malami na Jami'ar Indiyana, Lynton Caldwell, yana cikin waɗanda suka ba da shawarar sashenta mafi ƙarfi, wanda ya wajabta wa hukumomin tarayya su rubuta bayanin tasirin duk wani babban aiki kafin su fara shi. Nan da nan aka shiga neman waɗanda suka iya rubuta irin wannan bayani, jami'o'i kuwa suka buɗe darussa don samar da su. A 1971 Luna Leopold da abokan aikinsa suka fito da wani jadawali mai ayyuka 100 a gefe ɗaya da sassan muhalli 88 a ɗaya gefen, watau gida 8,800, ana ba kowane tasiri maki daga 1 zuwa 10. Ƙasashen Tarayyar Turai suka ɗauki tsarin a 1985, Bankin Duniya a 1989.

Nijeriya ta gamu da wannan ilmi ta ƙofa biyu. Kamfanin da McHarg ya kafa tare da David Wallace yana cikin kamfanoni uku da suka haɗu suka tsara babban birnin tarayya na Abuja, suka miƙa tsarin a 1979. Sa'an nan a 1988 aka gano fiye da tan 3,000 na shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko, a Jihar Bendel ta lokacin. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 kuma aka fito da doka mai lamba 86 wadda ta wajabta auna tasirin manyan ayyuka.

Abin da taswira ba ta iya yankewa

Tun da wuri masana suka ga inda dabarar ke da rauni. A 1977 Lewis Hopkins ya gwada hanyoyin zana taswirar dacewa, ya nuna cewa lambobin da ake tarawa sau da yawa na jeri ne kawai, kamar na ɗaya da na biyu a tsere, don haka tara su ba shi da ma'ana ta lissafi. Ya kuma nuna cewa abubuwan da ake aunawa ba su rabu da juna ba: gangare da zaizaya 'yan uwa ne, wanda ya ƙirga su dabam ya ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan nauyi. Baƙin da aka shafa wa daji da hasken da aka bar wa wata unguwa hukunci ne na wanda ya riƙe alƙalami. In aka auna darajar unguwa da kuɗin gidajenta, lalle hanya za ta bi ta unguwar talakawa, taswira kuwa ta nuna kamar halitta ce ta zaɓa. Makiyayin da ke ratsa wuri wata uku a shekara ba ya fitowa a hoton da aka ɗauka da rani, haka nan kushewar kakanni. A Abuja an san duwatsu da rafuka filla-filla, amma maganar Gbagyi da sauran mutanen da aka tarar a wurin ta yi ta sauyawa, daga cewa za a tashe su duka zuwa cewa za a bar waɗansu, kuma ƙorafin diyya ya daɗe yana biye da birnin. McHarg da kansa ya ɗauki masana al'adu cikin malaman sashensa a shekarun 1970 don cike wannan giɓi.

Saboda haka manhajar karatun ta ƙaru da abin da babu shi a 1900: zama da mutanen wuri, da sauraron bahasinsu, da zana taswira tare da su, da bayyana a fili wanda ya sa ma'auni da dalilinsa. McHarg ya rasu a 2001. Ɗalibin da ya zauna gaban kwamfuta a yau yana iya gama aikin da ya ci wa ajin McHarg watanni cikin yini ɗaya, amma injin ba zai gaya masa ko fadamar wani ƙauye ta fi gajartar hanya daraja ba. Wannan sai ya je ƙauyen ya tambaya, ya kuma rubuta amsar a inda masu yanke hukunci za su gan ta.