Tarihin Shukar Dankalin Turawa: Daga Lambun Gida Zuwa Gonakin Filato

2.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai dubi hanyar da dankalin turawa ya biyo kafin ya zama amfanin gona a tsaunukan Jos. Za a mayar da hankali ne a kan lambun gida da kuma iri, domin a ƙasashen da ya baƙunta ta ɗan lambu ya fara shiga, kuma yadda ake samun irinsa shi ya riƙa yanke hukuncin ƙoshi ko yunwar masu shuka shi.

2.1 Asali da Bazuwa

Asalin wannan tsiro shi ne tsaunukan Andis da ke Kudancin Amurka, a kewayen tafkin Titikaka, wato tsakanin ƙasashen Feru da Bolibiya na yanzu. Masana sun ƙiyasta cewa an fara noma shi shekaru 7,000 zuwa 10,000 da suka wuce. Bayan da Sifaniyawa suka far wa daular Inka a 1532, sai jiragen ruwansu suka ɗauko shi. A 1567 an riga an fara fitar da shi daga tsibiran Kanari, kuma a 1573 wani asibiti a birnin Sabil yana sayen sa don ciyar da majinyata.

Sai dai bai shiga gonakin Turai nan take ba. Ya daɗe a lambunan masu nazarin tsirrai, irin su John Gerard na Landan, wanda ya shuka shi a lambunsa, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 1597. Dalili kuwa shi ne, irin da aka kawo ya saba da gajeren yini, ga shi bazarar Turai doguwar rana gare ta, don haka ba ya zuba 'ya'ya sai dab da sanyi. Sai da masu lambu suka yi shekaru suna ware wanda ya fi saurin nuna kafin ya karɓi ƙasar. Duk da haka talakawa suna ƙyamarsa, har ta kai Sarki Firedirik na Furusiya ya ba da umurnin shuka shi a 1756.

A Ayilan ne ya fi samun gindin zama. Talakan ƙasar ɗan haya ne a gonar wani, abin da ya mallaka bai wuce ɗan fegi a gefen bukkarsa ba. A nan yake shimfiɗa taki, ya jera irin a kai, ya yanko ƙasa daga gefe ya rufe. Wannan fegi kan ciyar da iyali kusan shekara guda. Illar ita ce akasarinsu iri ɗaya suke shukawa, mai suna Lumper. A 1845 wata cuta mai ƙona ganye ta ruɓar da 'ya'ya ta ɓulla. Daga lokacin zuwa 1852 mutane kimanin miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamarsu suka yi ƙaura. Sunan wannan ƙasa ne ya maƙale wa dankalin, shi ya sa ake jin 'yan kasuwa suna kiran sa arish.

2.2 Shigowarsa Ƙasar Jos

Kafin zuwan Turawa mutanen Filato sun san noman rizga a kan kunya, Hausawa kuma sun san tumuku da dankalin da ake kira na Hausa. (Shi ma wannan daga Amurka ya fito, daɗewa ce ta sa ya zama ɗan gida.) Saboda haka da baƙon ya iso, sai aka ara masa sunan na gida, aka jingina shi ga waɗanda suka kawo shi.

Masu kawo shin kuwa su ne Turawan haƙar kuza da 'yan mishan, a farkon ƙarni na 20. Ba su kawo shi don ciniki ba, cimarsu ce suka yi kewa, suka shuka a lambunan gidajensu. Ƙasar kuma ta karɓe shi saboda tudu ce mai tsawon fiye da mita 1,200, ga sanyin dare. Dankalin turawa ya fi zuba 'ya'ya a yanayin da bai wuce digiri 15 zuwa 20 ba. Idan zafin ƙasa ya doshi 30 sai ya yi ta ganye kawai. Masu aikin lambu a gidajen Turawa ba su daɗe ba suka gane sirrinsa, daga nan ya tsallaka shinge zuwa garkar talaka. Isowar jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, da na Kafanchan a 1927, ta buɗe masa kasuwa, sannan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta ƙarfafa noman sa don ciyar da sojoji. Da haka ya bazu zuwa Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Riyom. Abin lura shi ne, ramukan da haƙar kuza ta bari, waɗanda suka ɓata gonaki masu yawa, su ne suka cika da ruwa suka zama madogarar masu noman rani.

2.3 Shuka da Matsalar Iri

Yadda ake shuka shi a lambun gida bai sauya sosai ba. Ba a shuka ƙwayar da furensa ke bayarwa, shi kansa dankalin ake binnewa. Mai lambu kan ware masu girman ƙwan kaza, ya baza su a inuwa mai haske da iska har idanunsu su fitar da tsiro gajere mai kauri. Wanda aka ɓoye a duhu tsironsa fari ne dogo, da an taɓa ya karye. Sannan a yi huɗa, a zuba ruɓaɓɓen taki, a binne irin kamar zurfin santimita 10 tsiron yana duban sama, a bar tazarar santimita 30. Idan ya tashi sai a riƙa tura masa ƙasa a gindi, domin duk ɗan da rana ta taɓa zai yi kore, koren kuwa yana da ɗaci da guba. A Filato ana shukar damina a watan Afrilu zuwa Mayu, a haƙe bayan wata uku ko ɗan fiye. A wuraren da suka fi zafi, kamar Zariya da Kano, sai an jira hunturu.

Wannan hanya tana da sauƙi, amma a cikinta matsalar take. Tun da ɗan dankali ɓangare ne na jikin uwarsa, duk cutar da ta kama uwar tana biyo shi cikin rami. Ga shi kuma magidanci yakan sayar da manya ya ci matsakaita, ya bar ƙanana a matsayin iri, alhali sau da yawa ƙanƙantar tasu alama ce ta rashin lafiyar uwar. Da haka iri ke raguwa shekara bayan shekara, manomi yana ɗora wa ƙasa laifi. Wannan ne babban aikin da ke gaban tashar binciken dankali da ke Kuru, wadda reshe ce ta cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike.

Haka kuma, dogaro da iri kaɗan, musamman Nicola wanda aka samo daga Jamus, ya bar manoman Filato a buɗe. Cutar nan da ta addabi Ayilan tana son sanyi da laima, wato daidai yanayin daminar Jos, kuma a 2014 ta yi mummunar ɓarna a gonakin jihar. A 2023 aka saki sababbin iri huɗu masu jure mata, uku daga cikinsu da sunayen Hausa: Juriya da Babban da Kyau, na huɗun kuma Unica. Amma mai lambun gida bai cika zuwa Kuru neman iri ba. Daga ragowar girbinsa yake ɗiba, ko wajen maƙwabci, ko kuma ya tsinto daga buhun da aka kawo kasuwa don ci.