Rikicewar bugun zuciya

rikicewar bugun zuciya (suna, jinsin mace): Lalura ce wadda ɗakuna biyu na saman zuciya ke karkarwa maimakon su buga bisa ƙa'ida, har jini ya kwanta ya daskare, gudansa ya tafi ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Galibi sababinta hawan jini ne, ko tsufa, ko lalacewar ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya; alamominta kuwa faɗuwar gaba da haki da kasala, alhali wani bai jin komai sai an yi masa awon zuciya.

Misali, manomin rani na Watari, a ƙasar Bagwai, mai wannan lalura wanda likita ya ɗora wa warfarin domin tsinka jini, da digoxin ko bisoprolol domin saisaita bugu, wajibi ne ya lazimci awon jini ko da sai ya je Asibitin Malam Aminu Kano, kada ya ƙara ko rage cin zogale da alayyafo farat ɗaya, kuma ya guji diclofenac da asfirin na kemis, domin haɗa su da warfarin kan jawo zubar jini. Hukuncin azuminsa kuwa, likita ake fara tuntuɓa.