Maroƙiyar Azurfa: Sulallan Tunawa na Amurka da Masu Tara Su, 1892–1954

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman tarihin wata masarauta ya san amfanin maroƙan fada. A bakinsu ake jin sunayen sarakunan da suka shuɗe, da yaƙoƙin da aka ci, da garuruwan da aka kafa. Sai dai mai hankali ya san cewa maroƙi ba ya kirarin wanda bai ba shi ba, kuma ba ya ambaton ranar da ubangidansa ya juya baya a fagen daga. Amurka ba ta da sarki, amma tsakanin shekarar 1892 da 1954 ta yi wata maroƙiya ta azurfa, wato sulallan tunawa da gwamnatinta ta riƙa bugawa domin girmama wani mutum, ko wani gari, ko wata rana ta tarihi. A yau mutane da yawa sun duƙufa wajen tara waɗannan sulalla. Wannan maƙala za ta bi tarihinsu, domin ta nuna cewa shaida ce mai daraja a kan yadda ƙasa take zaɓen abin da za ta tuna, amma shaida ce da aka biya ta, don haka wajibi ne mai tara su ya tambayi wanda ya biya.

Yadda Al'amarin Ya Faro

A shekarar 1893 aka buɗe wani gagarumin baje koli a birnin Shikago domin cikar shekara 400 da isowar Kolumbus nahiyar Amurka. Aikin ya laƙume kuɗi, sai masu shirya shi suka nemi agajin Majalisar Dokoki. Majalisa ta amince a buga musu rabin dala na musamman har guda miliyan 5, da hoton Kolumbus a fuska, jirgin ruwansa kuma a baya, su sayar da kowanne a kan dala guda. Wanda aka fara bugawa, kamfanin da ke ƙera keken rubutu na Remington ne ya saye shi a kan dala 10,000 domin neman suna. Sauran kuwa ba su yi wannan farin jinin ba. Mafi yawansu sun yi kwantai, aka narkar da wasu, aka saki wasu cikin kasuwa a kan rabin dalarsu. A wannan baje kolin ne kuma kwamitin mata ya samu nasa rubu'in dalar mai hoton Sarauniya Isabella, wadda ta ɗaure wa Kolumbus gindi. Bayan shekara bakwai aka fitar da dalar Lafayette mai ɗauke da shekarar 1900, aka sayar da ita dala biyu domin kafa mutum-mutumin wannan janar ɗan Faransa a birnin Faris.

Daga nan tsari ya kafu, kuma fahimtarsa ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Ƙungiya za ta je Majalisa ta nemi doka. Idan doka ta fito, gidan buga kuɗi na gwamnati zai buga sulallan ya miƙa wa ƙungiyar a kan farashin da ke rubuce a jikinsu. Ita kuma ta sayar wa jama'a a kan abin da ta ga dama, ta riƙe ribar. Kowane rabin dala yana da nauyin giram 12.5, kashi 90 cikin ɗari azurfa, kashi 10 jan ƙarfe. Kuɗi ne na halal da za a iya sayen burodi da shi, amma ba don haka aka buga shi ba. Gwamnati ce ke ba da hatimi da azurfa, amma ƙungiya ce ke zaɓen wanda za a yi wa kirari.

Waɗanda Aka Tuna da Waɗanda Aka Manta

Masu tarawa da dama suna ganin babu wanda ya kai rabin dalar Hanyar Oregon kyau. James Earle Fraser da matarsa Laura Gardin Fraser ne suka zana ta, aka fara buga ta a 1926 bisa fafutukar wani dattijo mai suna Ezra Meeker, wanda ya bi wannan hanya da ƙafarsa da shanunsa a 1852. A gefe guda ga amalanken shanu ya nufi mafaɗar rana. A ɗaya gefen ga wani ɗan asalin nahiyar tsaye a gaban taswirar Amurka, ya miƙa hannu wajen gabas kamar mai cewa a dakata. Sulen yana yabon jarumtar waɗanda suka yi ƙaura zuwa yamma, kuma lallai sun sha wuya. Amma ƙasar da suka zauna ta wannan mutumin ce da ke tsaye, kuma hannun nasa bai tsayar da kowa ba. An yi ado da shi a kan azurfa bayan an raba shi da gonarsa da makiyayarsa.

Labarin rabin dalar Dutsen Stone Mountain na shekarar 1925 ya fi wannan nauyi. Tana ɗauke da hoton Robert E. Lee da Stonewall Jackson a kan dawakai, wato manyan kwamandojin jihohin kudu da suka ɓalle suka yaƙi gwamnatin tarayya domin ɗorewar bauta, aka ci su da yaƙi a 1865. Shekara 60 bayan haka, gwamnatin da suka yaƙa ita ce ta buga hotonsu a kan kuɗinta, domin a tara abin da za a sassaƙa surarsu a jikin wani ƙaton dutse a jihar Jojiya. A kan wannan dutse ne aka farfaɗo da ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin jinin baƙar fata a 1915. An rarraba fiye da miliyan 1.3 na wannan sule, shi ya sa har yau yana cikin masu sauƙin samu. Wanda ya riƙe shi a tafin hannu ya riƙe hujjar yadda Turawan kudu da na arewa suka sasanta tsakaninsu, alhali jikokin bayi suna zaune a ƙarƙashin dokokin wariya, ba wanda ya nemi ra'ayinsu.

Sai da aka shekara 54 ana buga sulallan tunawa kafin baƙar fata ya hau kan ɗaya daga cikinsu. A 1946 aka fitar da rabin dalar Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta a jihar Bajiniya a 1856, ya tashi ya jagoranci makarantar Tuskegee tun daga 1881. Wanda ya zana ta, Isaac Scott Hathaway, shi ne baƙar fata na farko da ya zana kuɗin Amurka. Rubutun da ke bayanta yana nuni da tafiyar mutumin daga bukkar bayi zuwa zauren mashahuran ƙasa. Duk da haka, ko wannan girmamawa ba ta zo a tsarkake ba. Da aka sauya zanen a 1951 aka haɗa shi da masanin aikin gona George Washington Carver, dokar da ta ba da izni ta ambaci cewa za a yi amfani da ribar wajen yaƙar yaɗuwar kwaminisanci a tsakanin baƙar fata. An yaba musu, amma da biyan bukatar wasu a ciki. Sulallan sun yi kwantai, ƙungiyar da ke sayar da su ta faɗa cikin bashi, sai a 1956 Majalisa ta mai da mahaifar Washington wurin tarihi na ƙasa.

Shekarun Kwaɗayi

Tun daga 1921 masu sayarwa suka gano cewa mai tarawa yana da rauni guda: ba ya son giɓi a cikin tarinsa. Jihar Alabama ta cika shekara ɗari a 1919, amma sai a 1921 sulenta ya fito, kuma a nau'i biyu, ɗaya da wata 'yar alama, ɗaya babu. Jihar Misuri ta yi haka a wannan shekarar. A 1922 aka ɗora wa wasu daga cikin sulallan Janar Grant ɗan tauraro da ba ya nufin komai. Manufar dai ita ce mutum ya saya sau biyu. Daga baya aka ƙara wata dabara. Da yake gidajen buga kuɗi uku ne, a Filadelfiya da Denba da San Faransisko, sai a raba bugun tsakaninsu, a kuma sake shi kowace shekara da sabon kwanan wata. Ta haka sulen Oregon ya kai nau'i 14 tsakanin 1926 da 1939.

Shugaba Herbert Hoover ya hango inda aka dosa, ya hau kujerar na-ƙi a kan wani ƙudurin irin wannan a 1930. Amma bayan saukarsa ƙofa ta sake buɗewa. A 1935 aka buga guda 10,000 kacal domin garin Hudson na jihar New York, dillalai suka kwashe mafi yawansu tun kafin jama'a su ankara, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Sabbin nau'o'i 16 ne ke ɗauke da shekarar 1936, wasu domin ƙananan garuruwa da gundumomin da ba su da wani tasiri a tarihin ƙasa. Mafi ban mamaki shi ne na birnin Cincinnati. Wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Melish ya samo doka domin bikin cikar birnin shekara 50 a matsayin cibiyar kiɗa, alhali babu wani abin kirki da ya faru a fagen kiɗan birnin a 1886. Aka sa hoton mawaƙi Stephen Foster, wanda ya rasu tun 1864, wanda kuma aikin akawu ya yi a kamfanin wansa lokacin da ya zauna a can. Hukumar kula da zane-zane ta ƙasa ta nuna rashin amincewa, amma aka buga guda 5,000 a kowane gidan buga kuɗi, aka sa wa jerin ukun farashin dala 7.75. A nan maroƙiya ta wuce zuzuta abin da ya faru, ta shiga ƙirƙiro abin da bai faru ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin ƙarshen 1936 kasuwar ta rushe, waɗanda suka saya da tsada suka tafka asara. A ranar 5 ga Agusta, 1939, Majalisa ta soke dukkan iznin da ta bayar a baya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an ɗan sake gwadawa, amma a 1954 Shugaba Eisenhower ya ƙi sa hannu a kan ƙudurori uku, aka rufe babin. Ba a sake buga sulen tunawa ba sai a 1982, domin cikar shekara 250 da haihuwar George Washington, kuma a sabon tsari gwamnati ce da kanta take sayarwa.

Aikin Mai Tarawa

Abin da waɗannan shekaru suka bari shi ne zane 50 na azurfa: rabin dala 48, rubu'in dala ɗaya, da dala ɗaya. Mafi yawan masu tarawa guda 50 ɗin nan suke nema. Wanda ya nace sai ya haɗa kowace shekara da kowane gidan buga kuɗi, guda 144 zai nema, kuma yawancin ƙarin nan 'ya'yan dabarun da aka ambata a sama ne. Cikin zanukan, na tsibirin Hawai na 1928 mai hoton Kyaftin Cook ya fi tsada, domin kimanin 10,000 aka buga, kuma da yawa sun watsu a hannun mazauna tsibirin.

Darajar sule a wurinsu tana rataye ne a kan lafiyar fuskarsa. Suna auna ta da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya ƙirƙiro a 1949. Tun daga 1986 kuma aka samu kamfanonin da ke duba sule, su ba shi maki, su rufe shi cikin roba mai tauri. Bambancin maki ɗaya tak yana iya ninka farashi. Baƙon wannan fage yakan ga azurfa ta dusashe ya ɗauko tsumma da magani ya goge ta har ta yi ƙyalli, bai san ya kankare rabin darajarta ba, domin launin da shekaru suka shafa mata shi ne shaidar cewa hannu bai taɓa ta ba. Haɗari na biyu shi ne wuta. A 1980, da farashin azurfa ya kusa dala 50 a kan oza guda, an narkar da tsofaffin kuɗin azurfa masu tarin yawa, kuma abin da ya shiga tukunyar maƙeri ba ya dawowa da rubutunsa. Na uku shi ne kwaɗayin nan dai na 1936, wanda ya dawo a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da masu neman riba suka kutsa kai, farashi ya kai ƙololuwa a 1989, sa'an nan ya faɗo.

Kammalawa

Za a iya cewa tara irin waɗannan sulalla raya ƙarya ne da ɗaukaka waɗanda ba su cancanta ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya idan mai tarawa ya tsaya a kan ƙyalli da maki. Amma narkar da sulen Stone Mountain ba zai goge abin da aka yi a 1925 ba, sai dai ya goge hujjar cewa an yi shi, da hatimin gwamnati a kai. Littafin tarihi ana sake rubuta shi, mutum-mutumi ana tumɓuke shi, amma sulen da aka buga ya bugu ke nan, yana nan da abin da masu iko na zamaninsa suka yarda a faɗa. Mai tarawa na ƙwarai shi ne wanda, idan ya jera guda 50 ɗinsa, zai iya faɗin wanda ya nemi kowace doka, da inda ribar ta tafi, da kuma wanda ya kamata a ce yana cikin jerin amma babu shi. Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa, sai dai mai waiwaye da ido ɗaya rabin hanya yake gani.