Tarihin Yaƙi da Zafi a Giyar Otomatik ta Motocin Dizal

Duk wanda ya yi nazarin motocin a-kori-kura masu shan man dizal, irin waɗanda manoma da makiyaya da magina na Amurka suke jan tireloli da su, ko tirelar shanu ce ko ta dawaki ko ta injinan gini, zai iske cewa injin bai cika wahalar da maƙeransu ba, domin injin dizal tun asalinsa mai juriya ne. Abin da ya sha musu kai shekara da shekaru shi ne akwatin giya mai sauya kansa, wanda direbobi ke kira otomatik, kuma illar da ke kashe shi, in aka bi diddiginta, galibi guda ɗaya ce, wato zafi. Wannan zafi yana da asali sananne, kuma a cikin jirgin ruwa aka haife shi tun kafin a san shi a mota.

A shekarar 1905 wani injiniya Bajamushe mai suna Hermann Föttinger, wanda yake aiki a masana'antar jiragen ruwa ta Vulcan a birnin Stettin, ya fuskanci wata mas'ala: injin tururi na jirgi yana son ya yi juyi da sauri ƙwarai, alhali farfelar da ke tura jirgin tana son juyi a hankali, kuma haƙoran ƙarfe na zamanin ba su iya sulhunta su ba. Sai ya yi dabarar sa ruwa ya zama manzo tsakaninsu, ta yadda ƙarfe ba zai taɓa ƙarfe ba. Daga wannan hikima tasa aka sami abin da makanikai ke kira kwambata, wata rufaffiyar ƙwarya ta ƙarfe cike da mai, wadda take zaune tsakanin inji da akwatin giya. A cikinta akwai farfela guda da inji ke juyawa tana watsa mai da ƙarfi, da farfela ta biyu da man ke bugawa har ta juya ta tura mota, sa'an nan a tsakiyarsu akwai ta uku ƙarama, wadda ke karkatar da man da ya dawo domin ya taimaki ta farko, kuma da taimakonta ne ƙarfin murɗa ke ninkawa wajen sau biyu yayin da mota take tashi daga tsaye.

Amma kowace ni'ima da haƙƙinta. Farfela ta biyu ba ta taɓa cim ma ta farko a gudu, kullum tana baya, kuma wannan ratar da ke tsakaninsu, wadda ake kira zamewa, ƙarfi ne da inji ya bayar amma bai isa tayoyi ba. Tun a shekarun 1840 James Joule na Manchesta ya tabbatar da gwaji cewa ruwan da aka burka, yadda uwargida ke burka miya da maburgi, yana ƙara ɗumi gwargwadon ƙarfin da aka kashe wajen burka shi. Saboda haka ƙarfin da ya ɓace a kwambata bai tafi ko'ina ba, yana nan cikin mai ya zama zafi. A ƙaddara inji yana ba da kilowat 150 a kan hawa, kashi goma cikin ɗari kuma yana salwanta a zamewa; wannan kilowat 15 ɗin ya isa ya tafasa ruwa lita 10 cikin ƙasa da minti 4, ga shi kuwa hawan dutse da kaya yakan ɗauki rabin sa'a. Mafi muni shi ne lokacin da direba yake tura tirela da baya zuwa kan tudu, a hankali, yana taka totur yana saki: mota kusan tsaye take, iska ba ta shiga ta gaba, kuma kusan dukan ƙarfin injin mai ne ke shanye shi.

Da kamfanin General Motors (GM) ya fito da Hydra-Matic a 1939 cikin motar Oldsmobile, bisa jagorancin Earl Thompson, da kuma lokacin da Buick ya kawo Dynaflow a 1948, motocin hawa ne abin nufi, nauyinsu kaɗan ne, don haka maganin da aka yi wa zafi mai sauƙi ne. Wasu akwatunan iska kawai ke sanyaya su. Daga baya aka yi ittifaƙi a kan hanyar da har yau ake bi, ita ce a fitar da man ta siririn bututu, a ratsa da shi ta cikin tankin lagireto inda ruwan inji zai karɓe zafinsa, sa'an nan a komo da shi. Kamfanin Packard kuwa tun 1949 ya hango wata hanya dabam a akwatinsa Ultramatic, inda ya sa kuloci a cikin kwambata, wanda ke damƙe farfelun biyu su zama abu guda da zarar mota ta kama gudu. A ganina wannan ita ce mafi girman dabara a dukan tarihin nan, domin sauran dabaru duk kwashe zafi suke yi bayan ya auku, ita kuwa hana shi aukuwa take yi. Amma man fetur na da araha a lokacin, Packard kuma ya durƙushe cikin shekarun 1950, sai aka yi watsi da ita a motocin hawa har kusan shekara ashirin.

Shi kansa man yana da nasa labari, domin aiki huɗu yake yi a lokaci guda: yana ɗaukar ƙarfi a kwambata, yana matsa kuloci, yana shafe haƙora, yana kuma kwashe zafi. GM ya kafa masa ƙa'ida ta farko a 1949, sa'an nan ya fito da Dexron a 1967. Abin mamaki, cikin sinadaran da ke ba shi haƙurin zafi har da kitsen wata babbar dabbar teku, ita ce wadda ake samun turaren ambar daga cikinta. Da Amurka ta haramta shigo da man wannan dabba a farkon shekarun 1970 don kada a ƙarar da jinsinta, sai aka shiga neman madadi, kuma a 1975 GM ya bayyana cewa sabon man ya ci mahaɗin bututun da ke cikin lagireto a wasu motocinsa, har ruwa da mai suka gauraya. Makaniken da ya taɓa ganin wannan musiba ba ya mantawa: ya zaro sandar awon mai, maimakon ja-wur mai sheƙi sai ya ga wani abu fari-fari mai kumfa, ya san ruwa ya riga ya jiƙa fatun kuloci. In kuwa zafi ne ya yi ɓarnar, zai ɗiga man a farar takarda ya ga ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya kai hanci ya ji ƙauri. Ma'abota sana'ar suna da wata ƙa'ida mujarraba, cewa man yana zaman lafiya a wajen digiri 80 na ma'aunin salshiyas, kuma duk ƙarin digiri 10 ko 11 a bisa haka yana rage rabin kwanansa. Ƙiyasi ne, ba nassi ba, amma ya dace da abin da masana sinadarai suka sani game da yadda zafi ke gaggauta ruɓewar mai.

Takunkumin mai na 1973 shi ne ya haɗa kan al'amura biyu da a da ba su haɗu ba. Tsadar mai ta sa Chrysler ya farfaɗo da kulocin kwambata a 1978, ita ce kuma ta sa aka fara saka injin dizal a ƙananan motocin kaya: GM ya kawo inji mai lita 6.2 a 1982, Ford ya karɓi mai lita 6.9 daga International Harvester a 1983, sa'an nan a 1989 Dodge ya ɗora injin Cummins mai lita 5.9 da tabo, wanda ke ba da ƙarfin doki 160 da ƙarfin murɗa 400 a ma'aunin Amurkawa na fam-ƙafa. Sai dai akwatunan da aka aura wa injina biyun ƙarshe, wato C6 na Ford da TorqueFlite 727 na Dodge, tsofaffi ne masu giya uku, an ƙera su domin injin fetur, kuma ba su da kulocin kwambata. Ɗabi'ar dizal kuwa ta saɓa wa ta fetur, domin yana sakin ƙarfinsa mafi yawa tun yana juyi a hankali, a daidai lokacin da famfon mai na akwatin giya, wanda shi ma inji ke juya shi, bai kai ga cikakken matsinsa ba. Bugunsa kuma mai tsanani ne, yana girgiza duk abin da aka ɗaura masa. Ga shi mai irin wannan mota bai saye ta don zuwa kasuwa ba, don jan tan biyar ko shida ya saye ta.

A waɗannan shekaru ne direbobi suka shiga ijtihadin kansu. Suka riƙa ƙara ƙaramin lagireto na mai a gaban babban, wanda iska ke sanyayawa kai tsaye, suka sauya kaskon mai na ƙarƙashi da mai zurfi domin ya ɗauki ƙarin lita, suka kafa agogon zafi kusa da sitiyari, har saɓani ya tashi a tsakaninsu a kan inda ya kamata a dasa ma'aunin, ko a kasko inda man ya riga ya huce, ko a bututun da ke fitowa daga kwambata inda yake kan ganiyar zafinsa. Kamfanonin ma sun san raunin kayansu. Dodge ya haɗa wa motocinsa na Cummins masanyaya biyu, ta ruwa a jikin inji da ta iska a gaba, amma duk da haka a 1996 injin da aka haɗa da giyar hannu yana ba da doki 215, alhali wanda aka haɗa da otomatik an daƙile shi a 180, don kada ya fi ƙarfin akwatinsa. Ford ya kawo E4OD mai giya huɗu da kulocin kwambata a 1989, Dodge ya bi sahu da 47RH a 1994, kuma ko da yake sun rage zafi a kan miƙaƙƙiyar hanya, sun zo da sabon aibi: a kan hawa akwatin yakan riƙa kai da komo tsakanin giya ta uku da ta huɗu, yana sakin kuloci yana kamawa, kowace sauyawa kuwa da nata zafin.

Juyin gaske ya zo a 2001, sa'ad da GM ya fito da injin Duramax mai lita 6.6, wanda ya ƙera tare da Isuzu na Japan, ya kuma haɗa shi da Allison 1000 mai giya biyar. Allison, wanda ke Indiyanafolis, ya daɗe yana yi wa motocin safa da manyan motoci da tankokin yaƙi akwatuna, saboda haka daga sama ya sauko da iliminsa, ba daga motar hawa ya hauro ba. A wannan zamani ne maɓallin jan kaya ya zama ruwan dare: da direba ya danna shi, kwamfutar akwatin za ta jinkirta hawa giya, ta kulle kwambata da wuri, ta daina kai da komo, a gangara kuma ta sauko da giya da kanta. Ford ya amsa da TorqShift a 2003, giya ta zama shida, a 2020 ta kai goma a motocin Ford da GM. Faidar yawan giya ita ce tazarar da ke tsakanin kowace biyu ta ƙuntata, don haka ba a bukatar kwambata ta cike giɓin da zamewa, kusan daga tashi ake kulle ta. Birkin salansa ma, wanda Dodge ya sa a injinsa mai lita 6.7 a 2007 domin riƙe kaya a gangara, ba ya aiki sai kwambata na kulle. Da aka haɗa wannan da man roba mai haƙurin zafi, sai mizani ya juye sarai: a 2018, shekarar ƙarshe da Ram, magajin Dodge a motocin kaya, ya sayar da giyar hannu, ita ce aka daƙile a fam-ƙafa 660, otomatik na kamfanin Aisin kuwa yana ɗaukar 930, kuma shekara guda bayan haka ya kai 1,000.

Saura mas'alar amana, domin a da kowane kamfani shi ke yanke wa kansa nauyin da motarsa za ta iya ja, ba shaida ba alƙali. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar da ƙa'idar J2807 a 2008, wadda ta shar'anta cewa sai mota ta ja kayan da ake da'awa ta hau gangaren Davis Dam a jihar Arizona, daga gaɓar kogin Kolorado zuwa Union Pass, tafiyar kilomita 18 da hawan kimanin mita 900, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki a buɗe har ƙarshe, gudu bai sauka ƙasa da haddin da aka yanka ba, kuma ba tare da fitilar gargaɗi ta kama ko ruwa ya zuba ba. Toyota ne ya fara bin ta, manyan kamfanonin Amurka uku suka biyo baya wajen 2015.

Wannan ƙa'ida ta shafe mu ta fuska guda, yanzu da Hilux da 'yan'uwanta masu otomatik suke ƙaruwa a hanyoyinmu. Digiri 38 da aka ɗauka a matsayin jarrabawa mai tsanani, a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas watan Afrilu yakan wuce shi, ga ƙura tana toshe ramukan lagireto, ga yashi da ke tilasta tafiya a hankali kwambata na sake, ga lodin da ya zarce abin da aka rubuta. Kuma da yawa daga sababbin akwatunan an cire musu sandar awon mai ɗungurungum, ta yadda makanike ba zai san ko man ya cika daidai ba sai ya jona na'urar bincike, ya jira zafin man ya kai adadin da kamfani ya ƙayyade, sa'an nan ya kwance ƙusar gefen kasko ya ga ko zai ɗigo.