Tarihin Hanyar Masu Keke A Duwatsun Pirenis

Tsakanin ƙasar Faransa da ƙasar Sifen akwai waɗansu manyan duwatsu da ake kira Pirenis. Sun miƙe ne tun daga bakin Tekun Atlantika a yamma har Bahar Rum a gabas, tsawonsu ya fi kilomita 400, sai ka ce ganuwa aka gina tsakanin ƙasashen nan biyu. Tun shekarar 1659 da sarakunan ƙasashen suka yi sulhu, duwatsun nan su ne iyaka. Wanda ya fi tsawo a cikinsu, watau Aneto, ya kai mita 3,404. A zamanin nan, kowace shekara in sanyi ya wuce, mutane dubbai sukan zo daga ƙasashe dabam dabam da kekunansu, su bi wata hanya da ta ratsa duwatsun ta wajen Faransa, suna kwana ƙauye ƙauye. Hanyar nan kuwa ba domin keke aka yi ta ba, kuma an daɗe ƙwarai kafin talaka ya iya hawanta.

In mutum zai ƙetare dutse irin wannan ba ya bi ta kan ƙololuwa. Yakan nemi wurin da dutsen ya ɗan rusuna tsakanin ƙololuwa biyu, ya bi ta nan. Faransawa suna kiran irin wannan wuri da kalmar da ma'anarta wuya, mu kuwa bari mu ce mashigi. Mashigai huɗu ne suka fi suna a hanyar nan: Peyresourde, mita 1,569, da Aspin, wanda ya ɗan gaza mita 1,500, da Aubisque, mita 1,709, sa'an nan babbansu, Tourmalet, mita 2,115. Domin mai karatu ya gane, garin Jos da muke cewa yana bisa dutse, tsayinsa daga teku kamar mita 1,200 ne. Wanda ya taso daga garin Luz zuwa kan Tourmalet zai yi kilomita 19 yana hawa, babu wurin hutawar ƙafa.

Makiyaya ne suka fara fitar da turba a wuraren nan. Mutanen kwarurukan Pirenis masu tumaki ne da shanu. In lokacin zafi ya zo sai su kora dabbobi sama inda ciyawa ta tsiro bayan narkewar ƙanƙara, in sanyi ya gabato su gangaro, kamar dai yadda Fulani ke tashi da shanu neman ruwa da ciyawa. Turbar tasu ta ƙafa ce da ta alfadari. Abin da ya jawo manyan mutane wurin kuwa shi ne ruwa. A gindin duwatsun akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi da yawa, waɗanda ake cewa suna maganin ciwon gaɓoɓi da raunuka. A shekarar 1675 wata mace ta fada, Madam de Maintenon, ta kawo ɗan Sarki Louis na 14, yaro mai ciwon ƙafa, garin Barèges domin ya yi wanka da ruwan. Ta Tourmalet suka bi, a kan kujera wadda ƙarti suke ɗauke da ita a kafaɗa, domin babu keken doki da zai iya bin wurin.

Haka abin ya zauna har zamanin Napoleon na 3. Shi da matarsa Eugénie suna son garuruwan wankan nan, sai ya ba da umurni a yi hanyar keken doki wadda za ta haɗa su, domin mai kuɗi ya tashi daga wannan maɓuɓɓuga zuwa waccan ba sai ya sauka fili ya yi zagaye ba. Aka fasa duwatsu, aka gama ta kan Tourmalet a 1864. Kada mai karatu ya zaci kwalta ce. Tsakuwa ce da ƙasa, ƙunci gare ta, ruwa yana cinye ta kowace shekara, dusar ƙanƙara kuma tana rufe ta fiye da rabin shekara.

Ana nan sai keke ya fito. Irin wanda muka sani, mai ƙafafu biyu daidai da juna da sarƙa, wani Bature na Ingila, John Kemp Starley, ya ƙera shi a garin Coventry a 1885. Bayan shekara uku Dunlop ya fito da taya mai iska. Nan da nan samarin birane suka ga sun sami dokin da ba ya cin dawa, suka shiga yawon ganin ƙasa. A 1890 suka kafa wata jam'iyya a Faransa, Touring Club de France, wadda ta riƙa kafa alamu a kan hanyoyi, tana buga taswira, tana matsa wa masu masauki su tsabtace ɗakuna. Amma da suka iso gindin dutse sai suka tsaya. Keken wancan zamani giya ɗaya gare shi. Giyar da ta dace da fili ta yi wa hawa nauyi, in kuwa an sa mai sauƙi domin hawa, a fili sai mutum ya yi ta juya ƙafa ba ya ci gaba.

Wanda ya ɗauki wannan matsala a kansa shi ne Paul de Vivie, mutumin garin Saint-Étienne, wanda aka haifa a 1853. Da fari cinikin siliki yake yi, ya bari ya koma sana'ar kekuna. A 1887 ya fara buga wata mujalla mai suna Le Cycliste, yana sa hannu da laƙabin Vélocio, da wannan suna kuma aka fi saninsa. Garinsu duwatsu ne suka kewaye shi, saboda haka ya shekara da shekaru yana gwada dabaru iri iri na sauya giya ba tare da mutum ya sauka ba. Wani lokaci ya sa sarƙa biyu, wani lokaci ya jera farantai masu haƙora manya da ƙanana, sarƙar tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, amma shi ne ya fi kowa naci da wa'azi a kai. Ya kuma bar wa matafiya shawarwari waɗanda har yanzu ake bi: mutum ya ci tun bai ji yunwa ba, ya sha tun bai ji ƙishirwa ba, ya sa riga tun sanyi bai kama shi ba, kada ya daɗe a wurin hutu, kada kuma ya yi gudu domin a gan shi. Wani jirgin cikin gari ne ya buge shi a 1930, ya mutu yana da shekara 76, har lokacin bai bar hawan keke ba.

A watan Agusta na 1902 jam'iyyar nan ta shirya wani gwaji a Pirenis. Aka tashi daga garin Tarbes aka komo nan, tafiyar ta fi kilomita 200, aka hau Tourmalet sau biyu a yini guda. Nufinsu shi ne a gane wane irin keke ne ya dace da dutse, watau na'urar ake jarrabawa fiye da mahayin. Cikin waɗanda suka hau har da mace, Marthe Hesse, a kan keke mai giya uku. Yawancin mutane sun manta da wannan gwaji, suna zaton masu tsere ne suka fara kai keke kan Tourmalet, alhali kuwa masu yawo sun riga su da shekara takwas.

Amma dai gaskiya masu tseren ne suka sa duniya ta ji sunan wurin. Babban tseren kewaya Faransa, Tour de France, wata jarida ce mai suna L'Auto ta fara shi a 1903, shugabanta kuwa Henri Desgrange. A 1910 wani ma'aikacinsa, Alphonse Steinès, ya ba da shawara a kai tseren cikin manyan duwatsu. Desgrange ya ji tsoro, ya ce ya tafi ya gano da idonsa. Steinès ya ɗauki mota ya nufi Tourmalet. Saura kamar kilomita huɗu a kai sama dusar ƙanƙara ta tare hanya, direba ya ce shi kam iyakarsa ke nan. Steinès ya ci gaba da ƙafa, dare ya yi masa, ya ɓata, ya faɗa cikin rafi, sai can wajen ƙarfe uku na dare masu nemansa suka tsince shi kusa da Barèges, sanyi ya kusa kashe shi. Da gari ya waye sai ya buga wa maigidansa waya ya ce ya ƙetare, hanya tana da kyau ƙwarai, ana iya binta. A kan wannan ƙarya aka gina tseren.

Ran 21 ga Yuli 1910 aka tashi daga Luchon tun da sauran dare, za a Bayonne, kilomita 326, ta kan mashigan nan huɗu duka. Octave Lapize ne ya fara kaiwa kan Tourmalet, amma tura kekensa ya yi a wurare masu tsanani. Gustave Garrigou ya hau bai sauka ba, aka ba shi tukuicin faran 100. Da Lapize ya iso Aubisque a galabaice ya ga alƙalan tsere a bakin hanya, sai ya daka musu tsawa ya ce su masu kisan kai ne. Duk da haka shi ya ci ranar, bayan ya yi fiye da sa'a 14 a kan sirdi, shi ne kuma ya ci tseren shekarar. Ya mutu a 1917 cikin Yaƙin Duniya na Farko, yana tuƙa jirgin sama.

Labarin da mutanen wurin suka fi so shi ne na Eugène Christophe. A tseren 1913, yana gangarowa daga Tourmalet, sai fok ɗin kekensa ya karye, watau ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da ƙafar gaba. Dokar tseren ta hana kowa ya taimaki mahayi gyara. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya yi tafiyar kilomita goma ko fiye da ƙafa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera. Maƙerin yana tsaye yana gaya masa yadda zai yi da baki, shi kuwa yana ƙira da hannunsa, alƙalai suna zaune suna kallo. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san mutum ɗaya ba ya riƙe awartaki da masaba kuma ya yi zuga. Wani yaro ya ja masa zugazugi, saboda wannan kuwa alƙalai suka ƙara masa mintoci na tara, bayan ya riga ya yi asarar sa'o'i. Ginin maƙerar yana nan, an manna masa allo na tunawa.

Abin mamaki, duk wannan wahala da giya ɗaya ko biyu ake shanta. Desgrange yana ganin na'urar sauya giya ta tsofaffi ce da mata, ya hana ta a tserensa har 1937. Kafin nan, in gwani ya zo gindin dutse sai ya sauka, ya kwance ƙafar baya, ya juya ta domin ya sami farantin da ke ɗaya gefen. Ga ganina a nan Vélocio ya fi shi hangen nesa, domin tsere na mutum ɗari ne ko ɗari biyu, amma giya mai sauƙi ita ce ta bai wa akawu da malamin makaranta da matansu ikon kaiwa inda gwanaye ke kaiwa, ko da a hankali.

Saura abu guda, watau lokaci. Ma'aikaci ba shi da halin barin aiki ya tafi yawo. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta yi doka cewa kowane ma'aikaci yana da hutun mako biyu a shekara, ana biyansa albashinsa. Shekarar nan hanyoyin Faransa suka cika da ma'aikata a kan kekuna, da yawa miji da mata a kan keke mai sirdi biyu, da tanti ɗaure a baya. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse abin, bayansa aka koma.

Tun 1912 wani mutum, Maurice Bugard, ya yi tunanin a haɗa mashigan duka su zama tafiya ɗaya daga teku zuwa teku. Ba a tabbatar da ita ba sai a farkon shekarun 1950, a hannun wata ƙungiyar masu keke ta garin Pau, Cyclo Club Béarnais. Sunan tafiyar Raid Pyrénéen. Ana tashi daga Hendaye a bakin Atlantika, a sauka a Cerbère a bakin Bahar Rum, ko kuwa a juya. Iri biyu ce. Mai ƙarfi yakan yi kilomita 720 da mashigai 18 cikin sa'a 100. Mai son ganin ƙasa yakan bi wadda ta fi tsawo, mai mashigai 28, a ba shi kwana goma. Ba tsere ba ne, babu na ɗaya babu na biyu. Akan ba matafiyi kati, a waɗansu ƙauyuka da aka ƙayyade ya shiga kanti ko gidan shayi a buga masa hatimi, in ya gama ya aika da katin a ba shi lamba.

Ƙauyukan nan kuwa suna bukatar baƙin. Tun ƙarni na 19 samarinsu suke gudu zuwa birane, gonakin gangare suka koma daji, har akwai ƙauyukan da suka zama kufai, musamman a lardin Ariège. Waɗanda suka rage suna samun abinci ne daga cuku da masauki da sayar wa matafiya abinci, da sanyi kuma daga masu wasan sulɓi a kan ƙanƙara a wurare kamar La Mongie. Da ambaliya ta cinye hanyar Barèges a watan Yuni na 2013, aka yi gaggawar gyara ta, domin rufewarta yunwa ce ga kwarin duka. Makiyaya ba su bar wurin ba. A kan Aubisque da Aspin shanu da tumaki da dawaki suna yawo sake, in saniya ta kwanta a tsakiyar kwalta mai keke ne zai kauce.

Yanzu an kafa allo a kowane kilomita na manyan mashigan, yana gaya wa mahayi saura nawa da tsananin hawan da ke gabansa, kekuna masu batir kuma sun kawo tsofaffi da yawa. A kan Tourmalet akwai wani babban mutum-mutumi na ƙarfe, siffar mahayi yana fama da hawa, wanda aka kafa a 1999 domin tunawa da Lapize da sauran gwanaye. An yi shekaru da dama ana saukowa da shi kwari a ajiye in sanyi ya gabato. A farkon watan Yuni, bayan an share dusar ƙanƙara, sai a ɗora shi a babbar mota a hau da shi, masu keke ɗaruruwa suna biye da shi har sama.