Taya Ɗaya, Aiki Biyu: Tarihin Tayar Titi da ta Filin Tsere

A fagen tsere aka fara gwada tayar mota mai iska. A shekarar 1895, 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, suka shiga tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa, tafiyar kilomita 1,178. Faci ya cinye musu lokaci har suka iso bayan wa'adi ya wuce, amma sun tabbatar da cewa roba da iska na iya ɗaukar nauyin mota. A 1946 kamfaninsu ya yi rajistar tayar radiyal, mai ɗamarar ƙarfe a ƙarƙashin zane, wadda ita ce a ƙafar kusan kowace ƙaramar mota a yau.

Hanya ta rabu a 1971, lokacin da motocin Formula 1 suka koma tayoyi marasa zane. Dalilin a fili yake: gwargwadon yawan robar da ta taɓa busasshiyar kwalta, gwargwadon riƙon mota a kwana. Sai dai zanen nan ba ado ba ne, shi ne magudanar da ke fitar da ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan babu shi, mota sai ta hau kan ruwan sama ta yi ta sulɓi, birki da sitiyari duk su zama banza. A tsakiyar shekarun 1970 Pirelli ya yi ƙoƙarin haɗa biyun da P7, taya mai faɗi da gajeren gefe, wadda aka fara ƙerawa domin Lancia Stratos kafin ta hau Porsche 911 Turbo.

Daga Amurka kuma aka sami lambar juriya da ake bugawa a gefen taya, inda 100 ke matsayin ma'auni. Da ƙungiyoyin tsere suka shardanta 200 ga motocin da ke hawa titi, sai kamfanoni suka shiga gasar ƙera roba mafi laushi a ƙarƙashin wannan lamba. Tun da kamfani ne ke ba tayarsa maki, bai kamata a ɗauki lambar a matsayin alkawari ba.

Wannan gādo ne mai mota ke tararwa idan ya zo sauya taya. Mai laushi sai ta ɗauki zafi take riƙe kwalta sosai, tana saurin cinyewa, kuma zafi da sanyi a kai a kai suna ƙanƙarar da ita ko da zanenta bai ƙare ba. Shekaru ma suna yi mata haka. Tun daga 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT suna nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019.